Ranar da Surukina Ya Goya Ni

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a Kuala Lumpur ba, kuma ba don ban yi ƙoƙarin mantawar ba. Da ana mayar da magana cikin baki, akwai guda ɗaya da zan haɗiye: "Ku biyo ni." Ita ce ta kusa sa 'yata takaba da jaririya a hannu. Wannan na amsa laifina. Sauran abubuwan da ake jingina mini kuwa ban amsa ba, ba kuma zan amsa ba.

Ni tsohon direban tirela ne daga Kano, karatuna bai wuce firamare ba. Na je Malesiya ne sunan jikata, ɗiyar 'yata Rukayya, da niyyar in ɗan kwana biyu in dawo. Sai korona ta rufe hanya. Na tsinci kaina a saman wani dogon bene a Taman Melati, ba majalisa, ba masallaci, daga ni sai taga. Mijin Rukayya, Dakta Habibu, yana koyarwa a jami'a, yaro ne mai kunya irin ta mutanen da. Wata da watanni muna gida ɗaya bai taɓa cin abinci a gabana ba. In na shigo falo sai ya zame daga kujera ya koma ƙasa. (Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Har waya nake bugawa Kano in ba da labari.)

Da aka sassauta dokar kulle aka bar mutane su fita motsa jiki, sai na ji Habibu yana shirin hawan dutsen da ke bayan unguwarmu. Zai je da ɗalibansa biyu 'yan gida, Nura da Sadiƙu, da wani maƙwabcinmu ɗan ƙasar, Pak Rahim, wanda sa'ana ne. Na ce da ni za a je. Rukayya ta ce ai an kwana ana ruwa, in bari ƙasa ta sha iska. Na tuna mata cewa na haye Hawan Kibo da cikakken lodi cikin ruwan sama tun ba a haife ta ba. Ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi ƙasa. Na zura takalmina na fata, ɗinkin Kano, muka fita.

A gindin dutsen Habibu ya tsayar da mu zai yi bayani. Ashe ya taɓa karatu a wata ƙasa mai sanyi, inda ƙanƙara mai laushi kamar gari take taruwa a jikin duwatsu, mutane su ɗaura dogayen katako a ƙafa su shiga daji suna sulu a kanta. Ya ce wani lokaci nauyin mutum ɗaya ya isa ya sa gangaren gaba ɗaya ya ɓalle ya binne jama'a. Don haka suna da doka biyu. In za a ratsa gangare mai haɗari, ɗaya bayan ɗaya ake yi, sauran su tsaya a wuri mai ƙarfi suna kallo, don in ta tafi da mutum a samu masu tono shi. Ta biyu, ko wane ne ya ce a koma, ko da shi ne ƙarami, kowa ya juya. Ya ce jiƙaƙƙiyar ƙasa ma haka take yi. Duk bayanin nan ɗaliban yake kallo, amma na san da wa yake.

Na ce, "Dakta, nuna mini ƙanƙara ɗaya a Malesiya, ban da ta cikin firij."

Yaran suka yi dariya a cikin takunkuminsu. Shi ma ya yi, ƙasa-ƙasa. Na ji kaina ya ƙara girma.

Tafiyar farko lafiya lau. Ni ne a gaba, don ba wanda zai wuce babba. Ina haki, amma ina yi ina gyaran murya don kar a gane. Can muka iso wani wuri da hanyar ta tsuke ta ratsa jikin gangare. Jar ƙasa ce, ruwa yana tsattsafowa daga cikinta, daga sama akwai tsaga kamar an ja da wuƙa, wata bishiya kuma ta karkace saiwarta a waje. Pak Rahim ya duba sama, ya duba ƙasa, ya girgiza kai.

"Tak boleh, Pak Haji," in ji shi, wato ba zai yiwu ba. Ya samu wani dutse ya zauna abinsa.

A dokar Habibu magana ta ƙare ke nan, mutum ɗaya ya ce a koma. Amma ni abin da na gani daban: tsoho ɗan uwana ya ji tsoro, ga kuma dama ta samu in nuna wa yara bambancin Bakano da sauran mutane. Habibu ya matso, ya ɗan rusuna, ya ce, "Baba, ko dai a bari sai wani satin?"

To, ni a duniyar da na sani, "ko dai" tambaya ce, kuma in an yi wa babba tambaya amsa yake bayarwa. Na ce, "Ku biyo ni." Na taka.

Ban yi lissafin abin da zai biyo baya ba. Habibu ba zai iya tsayawa yana kallon surukinsa shi kaɗai a kan gangare ba, sai ya biyo ni dab da dab, hannunsa a miƙe ko zan zame. Ɗaliban kuma ba za su bar malaminsu ba. Haka muka jeru a wurin da aka ce mutum ɗaya ma ya yi yawa.

Na fara jin wani sauti kamar ana yaga sabon yadi. Sai ƙasa ta tafi da ƙafafuna kamar an fizge tabarma. Nura da Sadiƙu da ke baya suka samu suka yi tsalle suka koma. Ni da Habibu muka gangara tare da laka da duwatsu da ganye. Wani kurmin gora ne ya tare ni. Da na dawo hayyacina na kira sunansa, shiru. Na sake kira. A wannan shirun ban tuna Hawan Kibo ba, fuskar Rukayya kawai nake gani.

Pak Rahim, wanda na raina, shi kaɗai ya ga inda laka ta kai Habibu, saboda shi kaɗai ne yake zaune a gefe yana kallo. Ya dinga nuna wa yaran wurin, suka zagayo ta gefe suka tono shi da hannu. Ta binne shi har ƙirji, goshinsa ya fashe, amma da ransa. Ni kuma na gurɗe a idon sawu, ko tsayuwa ba na iyawa, wandona ya yage tun daga tsatso har gwiwa. (Ta baya. Na so a ce ta gaba ce, ko ba komai da na ga abin da jama'a suke gani.)

Sadiƙu ya gwada ɗaukata, muka zube tare. Nura ya buge hannu wajen tono. Sai Habibu ya ɗaure goshinsa da rigarsa ta ciki, ya zo ya tsuguna a gabana ya juya mini baya.

"Baba, bismillah."

Na ce sam, gara in ja gindi har gida. Pak Rahim ya nuna mini hadarin da ke haɗuwa. Na hau.

Mutumin da bai taɓa haɗa ido da ni ba, ga shi ya tallabe ni kamar yaron goye, ni kuma na rungume wuyansa. Muna sauka muna cin karo da masu motsa jiki, kowa ya ba da tazarar korona ya tsaya yana kallo da kyau. Na ja takunkumina har ya rufe mini ido. Bai hana wata matar malami 'yar Kano gane ni ba. Ta ce, "Sannu Baba, Allah ya kiyaye gaba," daga bayanmu, inda yagar take.

Da muka yi nisa da mutane na yi magana a kunnensa, tunda ga shi kusa. Na ce, "Kai da ka san abin nan, me ya hana ka ce mini a'a?"

"Na faɗa, Baba."

"Ai 'ko dai' ka ce."

Ya yi 'yan taku kafin ya amsa. "A gabanka iyakar a'ar da nake da ita ke nan."

Da muka dawo daga asibiti Rukayya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dubi ɗinkin goshin mijinta, ta miƙo mini jaririyar, ta ce, "Baba, da bai dawo ba, kai za ka yi mata bayani in ta girma, ko ni?" Ta shige kicin ta bar ni da ita.

Washegari na sa aka zuba mana abinci a kwano ɗaya ni da Habibu. Ya ƙi, na ce umarni ne. Ya ci kamar mai shan magani, amma ya ci. Na ce masa daga yau in na ɗauko hanyar banza ya faɗa mini da cikakken baki. Abokaina a Kano da suka ji muna cin kwano ɗaya sun ce zaman waje ya lalata ni, na zubar da girman surukuta. Su yi ta faɗa. Kunyar da nake taƙama da ita a waya ita ta biyo ni kan gangare har laka ta binne ta zuwa ƙirji. Ba na bukatarta.

Masu cewa takalmina ne ya jawo kuma, ƙarya suke yi, Habibu da takalmin hawan dutsensa mai tsada tare muka gangara. Masu cewa tsufa ne, su je su tambayi Pak Rahim shekarunsa.

Roƙona ga duk wanda ya tsinci kansa shi ne babba a cikin tafiya: kar ka yi irin tawa. In mai jin kunyarka ya ce maka "ko dai", ka juya kawai, ya gama ihun da zai iya. Sannan don Allah kar wanda ya kai zancen goyon nan majalisarmu. A can, abin da suka sani shi ne santsin banɗaki ne ya kayar da ni.