Rasuwar Tayar Bayan Babur ɗin Datti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa mai cike da raɗaɗi, Datti dillalin shanu na karar Dei-Dei, tare da iyalansa, ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Tayar Baya ta babur ɗinsa, wadda ta cika ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, a wani shataletale cikin Gwarinpa, a gaban jama'a, bayan doguwar jinya da zamiya guda. Ta tafi da ƙuruciyarta. Damina ɗaya kawai ta gani a duniya.

Ya kamata jama'a su sani tun daga nan cewa rashin bai tsaya a kan taya ba. Ranar da Datti ya shigo gida da babur ɗin nan, jan babur irin na tsere wanda mahayinsa ke kifewa a kan tanki kamar mai ciwon ciki, matarsa Safara'u ta tare ƙofa ta sa shi ya rantse cewa duk ranar da abin ya kayar da shi, ranar zai miƙa mata makulli ta sa a sayar. Ya rantse ba tare da ya ko ƙifta ido ba. Mutumin da ya girma yana riƙe ƙahon bajimi bai taɓa zuwa ƙasa ba, ƙarfe ne zai kayar da shi? To wannan rantsuwa a wuyan marigayiya ta rataya, domin a duk jikin babur ita da ƙanwarta ta gaba ne kaɗai ke taɓa ƙasa, kuma ita ce babba.

Asalin haɗuwarsu shi ne babur ɗin ya zo da tsohuwar taya wadda ta gama cin zamaninta, sai Datti ya tafi Apo, shagon Innocent mai kayan manyan babura, neman sabuwa. Innocent ya jero masa guda uku. Ta farko mai tauri ce, ta masu doguwar tafiya, a je Kano a dawo a sake komawa tana nan. Ta biyu tsaka-tsaki. Ta uku mai laushi ce, ta 'yan tsere, ba ta kama kwalta sai ta ɗau zafi, kuma ba ta daɗewa. An yi ta ne don masu kwantar da babur a kwana har gwiwarsu ta kusa shafar ƙasa. Duk wannan bayani Innocent ya yi, babu wanda zai ce bai yi ba. Datti ne bai zo sauraro ba. Ya zagaya su ɗaya bayan ɗaya, ya mari kowacce a gefe ya saurari amonta, ya leƙa cikinsu yana neman inda zai gane shekaru tunda ba su da haƙora. Da aka nuna masa 'yan lambobin da ke jikinsu, ya ce lamba mutum ne ke rubuta ta, shi babban yatsansa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya danna ta farko kamar yadda yake danna saniya a gindin wutsiya, ya ce wannan tsohon san noma ne. Ya danna ta uku, yatsa ya lotsa. Ya ce wannan ta ci ta ƙoshi.

Innocent ya tambaye shi ina yake hawa. Ya ce daga Dei-Dei ya bi titin Kubwa ya miƙe har cikin gari, ya juyo ya miƙe ya dawo. Innocent ya ce to wannan ba tasa ba ce. Datti ya yi dariya, don a saninsa mai kaya ba ya hana ka dabba sai in ya ajiye wa wani ita. Nan take ya sa aka ɗaura.

Marigayiya ta kasance mai faɗi, mai kyan diri, baƙa wuluk, ba ta da tub a ciki balle ta ɓoye wa wani wani abu. Tana da haƙuri. An yi ta don filin tsere, amma ta taka kashin shanu a kara ba ta taɓa nuna ƙyama ba. Ta ɗauki Datti, wanda ba ƙaramin mutum ba ne, ta ɗauki buhun dusa a bayansa, wata rana har da ɗan akuya a ɗaure. In an hau titin Kubwa aka buɗe wuta, muryarta ƙasa-ƙasa take, wani "wuuuu" mai daɗi da ke shiga har ƙashin baya, wanda Datti ya ce ko a mafarki yana jin sa. In an taka birki don wani mai tasi ya faɗo ba sigina, sai ta ce "ƙiiit" sau ɗaya, ba ta ƙarawa, ta bar wa Datti sauran maganar. Aibinta ɗaya ne, kuma ba a ɓoye gaskiya don an mutu: da safe kafin jikinta ya ɗumama takan ɗan karkaɗa ƙugu. Datti ya ɗauki wannan a matsayin shagwaɓa irin ta 'yan gata, bai taɓa yi mata faɗa ba.

Ciwonta ya fara ne da sanƙo. Datti mutum ne miƙaƙƙe, a ciniki da a kan babur. Ba ya karkata. In ya zo kwana sai ya rage wuta, ya sauke ƙafa ɗaya, ya lallaɓa a tsaye kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Don haka tsakiyar marigayiya kaɗai ke aiki, har ta siɗe ta baje kamar faranti, zanenta ya shafe, ƙusoshi suka gane hanya. Mai faci ya toshe ta ya sake toshewa, har ya fara gaishe ta kafin ya gaida mai ita. Amma gefunanta biyu suna nan sababbi fil, har da 'yan gashin robar nan da ake fitowa da su daga kamfani.

Wannan gashi shi ya jawo komai. Masu manyan babura na haɗuwa duk safiyar Lahadi a wani gidan mai a Gwarinpa kafin su fita yawo, kuma suna da al'ada: ba sa gaishe ka sai sun tsuguna sun duba gefen tayarka, kamar yadda ake buɗe bakin sa a kara. Wanda gefensa ya cinye, jarumi ne. Wanda gefensa ke da gashi, ya zo rakiya. Shugabansu George, wani dogo mai rigar fata ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa, duk Lahadi sai ya tsuguna a bayan babur ɗin Datti, ya tsinke gashi ɗaya, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Oga Datti, ga tsaraba, ka kai wa madam. Wannan taya naka, gefensa ko gaisawa bai yi da kwalta ba."

Yaran da Datti ya haifi kamarsu su yi ta dariya cikin hular kwano. Ya haɗiye, ya sake haɗiyewa. Gashin na raguwa, haƙurinsa na raguwa. A ƙarshe ya yanke cewa Lahadi mai zuwa zai kwantar da babur a shataletale, a gaban George, ko da me zai faru.

Ranar Asabar bayan la'asar ya zauna a tsakar gida ya duba marigayiya da idon sana'a. Ya shafa gefen ya ji ya bushe, kamar diddigen da ya yi kaushi don rashin kulawa. Ya san maganin wannan. Tun a hannun mahaifinsa ya koyi cewa ba a fitar da sa gaban masu saye sai an wanke shi an shafe masa ƙaho da mai. Ya shiga ɗakin Safara'u ya ɗauko robar man kaɗenta, ya wanke marigayiya da sabulu, ya bi gefunan nan biyu yana murzawa, yana ƙarawa, har suka yi sheƙin da mutum zai ga fuskarsa. Ba a taɓa ganin ta da kyau irin na ranar ba.

A nan Datti na so ya ja kunnen masu yawo da magana a kara cewa man nan ne ya kashe ta. Su ji tsoron Allah. Man kaɗe bai taɓa kashe kowa ba, jarirai ma ana shafa musu. Lokacinta ne ya yi. In ma dole sai an nemi mai laifi, a nemi wanda ya fara yin titi a zagaye alhali ƙasa ga ta nan a miƙe.

Da safiyar Lahadi aka fito daga gidan man, shataletalen ba nisa, marigayiya ko ɗumi ba ta yi ba. George ya shiga gaba, ya kwanta da babur ɗinsa ya zagaya, ya ɗago hannu yana kira. Datti ya yi bisimilla, ya ɗauke ƙafarsa daga inda ta saba sauka, ya karkata hagu. Gefen marigayiya ya taɓa kwalta karon farko a rayuwarta. Ba ta yi gardama ba, ba ta yi ƙara ba. Sululu kawai aka ji. Babur ya kama gabansa a kwance, Datti ya kama nasa a kan kafaɗa, ya wuce gaban wata mai sayar da ayaba har suka haɗa ido. Ita kuwa marigayiya ta tafi tana juyi a iska, ta samu wani rodi da ya leƙo daga bakin kwalbati, ya farke ta tun daga sanƙon.

Datti ya rarrafa ya isa gare ta, ya danne wurin da tafin hannu kamar mai tare jijiya. Iska na fita ta tsakanin yatsunsa, mai ɗumi. Kalmarta ta ƙarshe "fsssss" ce, doguwa, ta yi ta sirancewa har ta ɗauke. George ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji. Wannan karon babu wanda ya yi dariya, sai mai ayaba.

A bayan a-kori-kura aka kawo su gida su biyu, shi da babur. Duk tsawon hanya Datti na shirya hujja, kuma ya gabatar da ita tun daga soro: cewa rantsuwar ta ce in babur ya kayar da shi, alhali shi da babur tare suka faɗi, in ma an bi diddigi babur ne ya riga shi isa ƙasa, akwai shaidu. Safara'u ta bar shi ya gama. Ta zaunar da shi a kan turmi, ta yage sauran hannun rigar, ta wanke ciwon da ruwan gishiri. Ta ɗauko robar man kaɗenta ta buɗe, ta daɗe tana kallon cikin robar. Ta lakato ɗan abin da ya rage a gindin robar ta shafa masa a gefen ƙujewar. Sannan ta goge hannun a zani, ta buɗe masa tafi.

"Baban Kauthar, makulli."

Datti na iya musu da George, yana iya musu da Innocent, ya taɓa musu da likitan dabbobi har likitan ya tafi ya bar jakarsa. Amma mutum ne da in ya ce ya sallama a ciniki, ko an ninka masa ba ya janyewa. Ya zaro makullin ya sa mata a hannu.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, jan babur, wanda ke jingine a soro an lulluɓe shi da tamfol, yana takaba kafin mai saye ya zo ya ɗauke shi. Ta bar ƙanwarta Tayar Gaba, wadda ita ma sanƙon gidan ya fara kamawa. Ta bar sarƙa, da salansa da ya lotse a wurin hatsarin, da hular kwano wadda tuni wata kaza ta shiga ta fara ƙwai a ciki, kuma Safara'u ta ce a bar ta. Ta bar Datti. Innocent ya bugo waya ya yi ta'aziyya, ya ce mai taurin nan tana nan in ana buƙata. An gode masa, an shaida masa ba wurin ɗaurawa, kuma ko da akwai, da Datti zai koma shagon yau, marigayiya zai sake zaɓa.

Game da jana'iza: an tuntuɓi limamin kara, ya ce ba salla, kuma kada Datti ya sake zuwa masa da irin wannan tambaya. Za a yi wanka dai, saboda man. Mahauta masu babbakar ganda sun aiko a ba su gawar su hura wuta da ita, an kore su. Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar a rumfar Datti da ke kara, daga hantsi zuwa azahar. George da mutanensa za su iya zuwa, amma su kashe injin tun daga bakin titi su turo, don shanu ba sa son hayaniya. Kada kowa ya zo da shawara.

Bayan azahar za a ɗauki marigayiya zuwa makwancinta, wurin mai yanka takalmin taya da ke bayan 'yan katako. Ya riga ya duba ta. Ya ce tsakiyar ba ta da sauran amfani, amma gefunan sababbi ne, bai taɓa samun irinsu ba, za su fitar da takalmi, dama da hagu, daidai Datti. Na hagun zai fito da ɗan tabo guda, Datti ya ce kada a goge.

Daga ranar Litinin, da yardar Allah, gefen da aka ce bai gaisa da kwalta ba, shi ne zai riƙa gaishe ta safe da yamma, tun daga ƙofar gida har kara. Duk mai son dubawa ya zo ya tsuguna, Datti zai ɗaga masa ƙafa.