Jimar Tayar Keken Yaya

Ina ban ruwan albasa a Goronyo aka aiko cewa an raba kayan marigayi Yaya, kekensa ya faɗo gare ni. Na yi wa Inna alkawari cewa a kansa zan zo Wurno sadakar arba'in.

Tayoyin ba su da tif, robar cikin da ke riƙe iska. Wani farin gam ake zubawa ciki ya toshe huda, ya kuwa bushe kamar ƙanzo. Mamman mai faci ya ce in jiƙa da ruwa in murje da tsumma. Na ce wanda ya jeme fatar ragon layya sau goma ba a koya masa kankara.

Na juye tayar gaba, na kafe ta a rana, na wasa wuƙa. Gam ya fita tas. Roba ma ta bi shi.

Mamman ya yi ta famfo, iska na fita ta ko'ina. Ya ce, "Malam, mi tayag ga ta yi maka? Ko buzu za ka ɗunka?"

A bayan motar albasa na isa Wurno, ashe labari ya riga ni. Inna ta tambayi keken, Kawu ya ce, "An jeme shi." Ran nan ta fara dariya tun rasuwar.

Har yau Sarkin Majema ake kirana. Tayar baya tana nan da gam ɗinta, ban taɓa ta ba.