Yadda Za Ka Mallaki Tocila Mafi Haske a Kudan Ba Tare da Ka Ga Komai Ba

Ɗan'uwa, bi matakan nan shida, ni kuma na lamunce maka abu biyu: za ka zama gwanin tocila daga Kudan har Ikara, kuma ko an kira ka shaida, za ka fito ba ka ga kowa ba. An gwada su a kan Mu'awiyya, wani manomin rake. Biyar sun yi aiki. Na shida shi ya ɓata da hannunsa.

1. Raina ta kowa

Sayo taka a kasuwar Makarfi, mai jikin ƙarfe, mai nauyi a hannu. Ta roba mai cajin rana ta masu neman takalmi ce a ƙofar masallaci. A majalisa kada ka ce tana da haske, ka ce lumen dubu huɗu ce. Ba wanda ya san lumen, har kai, saboda haka ba mai musu.

2. Ciro batirin

Kwance gindinta, ka ɗora batirin a tafin hannu. Mu'awiyya kan ce, "Wannan 21700 ne. Na Zayyad mai shayi 18650 ne, ƙanen wannan ne, an yaye shi da wuri."

Zayyad ya ce, "To yayan yana tafasa ruwa?"

Kada ka tanka. Gwani ba ya jayayya da mai tukunya.

3. Zaɓi mai jifa

Tocila iri biyu ce. Akwai mai baza haske a gabanka, ka ga maciji. Akwai mai jefa shi nesa, ka ga abin da ba ruwanka. Ta biyun gwani ke saye. Mu'awiyya ya rantse gaban mutum goma cewa daga bakin masallaci yana ƙirga ganyen rake a fadama. Ka lura, tocila tana da makashi, rantsuwa ba ta da shi.

4. Ka gani, ka haɗiye

Wata Talata bayan isha'i Mu'awiyya ya danna mafi ƙarfin haskenta, ya jefa fadama don nishaɗi. Hasken ya sauka kan wani mutum saɓe da injin ban-ruwan Inna Hindu, tsohuwar da injin nan ne kaɗai abin da mijinta ya bar mata. Tocila mai tsada ba ta sakaya fuska. Tukur ne, yayan matarsa Badi'a.

Da safe aka tsare Ukasha, ɗan ƙodagon da ya zo daga Saulawa yana yi wa Inna aiki, don shi ne baƙo. Aka ce in ba a sami mai wanke shi ba zuwa Juma'a, za a miƙa shi ga 'yan sanda.

5. Sauke abin da ka ɗora

Nan ilimi ke rana. Mai unguwa ya ce, "Mu'awiyya, an ga haskenka a fadama jiya. Wa ka gani?"

"Ranka ya daɗe, irin wannan in ta yi zafi da kanta take rage haske. Lumen ɗin jikin kwali daban, na zahiri daban. Farin haskenta kuma yana sauya launin abu."

Zayyad ya ce, "Ba kai ke ƙirga ganye ba?"

"Ganye ba ya motsi, Malam."

Kusan duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Shin wanda ya jera gaskiya uku ya gina ƙarya da su, maƙaryaci ne ko magini? Kada ka tambayi malami kafin Juma'a.

6. Guji tsofaffi

Ranar Alhamis da yamma Inna Hindu ta yi sallama a gidan Mu'awiyya, riƙe da 'yar tocilarta ta roba.

"Ɗan nan, an ce kai ne masani. Duba min, ta daina kamawa. Tuwo zan kai wa Ukasha, kuma kafin in dawo duhu ya yi."

Batirin ne ya yi tsatsa. Ya kankare, ta kama, haskenta ko bakin zaure bai kai ba.

"Ya ishe ni," in ji ta. "Na san ba yaron nan ba ne. Ni dai idona bai kai fadama ba."

A nan gwani zai ce Allah ya bayyana gaskiya, ya koma ciki. Mu'awiyya sai ya tsaya yana kallon bayanta har ta sha kwana. Da asuba yana ƙofar mai unguwa. Aka tono injin a ƙarƙashin karan dawa a gidan Tukur, Ukasha ya koma bakin aikinsa, Badi'a ta yi yaji wata guda, surukai kuma har yau da ƙyar suke amsa gaisuwarsa. Ka ga abin da rashin bin ƙa'ida ke jawowa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin ƙonewar aljihu, yajin mata, rashin barci, ko tambayar da za a yi maka ranar da ba a karɓar bayanin lumen. In ka san zuciyarka irin ta Mu'awiyya ce, sayi ta roba. Haskenta a kan yatsun ƙafarka yake tsayawa.