Hayaƙi a Jirgin da Ba Ya Hayaƙi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da jirgin su Abu Hanan ya yi tafiyarsa ta farko ba. Ko na so mantawa ma, matan unguwarmu Sa'alaba ba za su bar ni ba.

Abu Hanan mijina ne. Da direba ne a gidan wasu masu hali a Abhur, sai suka tattara suka koma Riyad, suka bar shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, ga 'yarmu Hanan ko yaye ta ban yi ba. Duk wanda ya san zaman Jidda ya san abin da nake nufi. In ba ka da kafili, wato ubangidan da ya tsaya maka, ko shagon bakin layi za ka je sai kana waiwaye. Ana cikin haka wani kamfani ya ce zai ɗauke shi, ya tsaya masa a iƙama, amma sai ya gama watannin gwaji babu ƙorafi a kansa. Aikin kuwa a jirgin ruwa ne.

Na ɗauka irin manyan nan ne na ƙarfe da muke hangowa a teku. Ashe na katako ne, irin na zamanin kakanni, da ƙaton farin ƙyalle da ake ɗagawa iska ta tura shi.

"Dabino za mu kai Jizan, mu dawo da gahawa," in ji shi. "Injin ɗan ƙarami ne, na shiga tasha da fita kawai. Masu sayen kayan abin da suke so ke nan, a ce an kawo musu ba a ƙona mai ba, ba a ɓata iska da hayaƙi ba."

Na ce, "To in iskar ta ƙi zuwa fa?"

"Sai mu jira ta."

"In ta zo da yawa fa?"

Ya ce, "Ummu Hanan, zuba mini shayi."

Ni kuwa ko atishawa Hanan ta yi sai na taɓa goshinta, balle a ce mijina zai kwana a kan katako a tsakiyar ruwa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wari ne. Tun da ya fara koyon aikin, kullum ya dawo kayansa ƙarni suke yi, in wanke, in shanya, in turara, washegari ya dawo da sabo. Ya ce man kifi ne suke shafa wa katakon don kada ruwan gishiri ya cinye shi. Na ce a raina, yanzu a cikin wannan zai kwana ya tashi? A gidanmu matafiyi ba ya fita sai an turara masa kaya da shimfiɗa. Saboda haka ranar da aka gayyaci iyalai rakiya, na saka ɗan kaskona a jaka, da gawayi mai saurin kamawa, da turaren wuta haɗin mahaifiyata. Ban gaya wa kowa ba (wanda ya san za a hana shi ai ba ya shawara).

Muka je Abhur ni da surukata Hajiya, haifaffiyar Jidda, wadda in ranta ya ɓaci Hausar ma guduwa take yi ta bar ta da Larabci.

Ban yi nisa a makaranta ba, amma ido ina da shi. Na ga igiyoyi kaurin hannuna. Na ga audugar da aka cusa tsakanin katako da katako. Na ga shugaban jirgin, wanda suke kira Rayyis, wani tsoho mai jan gemu, ba takalmi, ya tsaya a bakin hawa yana karɓe ashana da abin kunna sigari daga hannun maza. Na ce, Allah ya yi wa tsohon nan albarka, yana hana shan taba. Iyakar abin da na fahimta ke nan. Jakar mata kuwa ba wanda ya taɓa.

Da baƙi suka taru, da masu ɗaukar hoto, mudir, wato manajan kamfanin, ya tsaya zai yi jawabi, sai na miƙa wa Hajiya Hanan, na ce zan ajiye wa Abu Hanan jakarsa a makwancinsu. Na sauka ta wani ɗan tsani. Wurin duhu, ga ƙarni kamar zai ɗaga ni. Na kunna gawayi, na zuba turare, na ga ko gezau warin bai yi ba. Na ƙara. Na sake ƙarawa. Na ja 'yar ƙofar yadda ake yi wa ɗaki don ƙamshi ya kama, na bi kusurwa kusurwa ina zagayawa da kasko ina addu'a.

Abin da ban lura ba shi ne a saman kaina akwai wata taga mai raga, kuma a bakinta mudir yake tsaye. Ina jin muryarsa tar. Larabcina ba mai yawa ba ne, amma na gane inda ya ce, "Wannan jirgi daga nan har Jizan ba za ku ga hayaƙinsa ba." Aka fara tafi. Sai tafin ya mutu. Sai wani ya ƙwala, "Hariƙa! Hariƙa!"

Gobara! Wallahi ko kusa ban kawo cewa da ni ake ba. Hanan kawai ta faɗo mini a rai, na buɗe baki na kurma ihu, "Wuta! Ku fitar mini da 'yata!" Su kuwa na sama da suka ji ihun mace daga ƙasa, sai suka tabbatar. Bokitin farko ta tagar nan ya zo, ruwan teku, a kaina ya sauka. Na biyu ma haka. Ina laluben tsani sai ƙofa ta buɗe, mutum ya diro. Abu Hanan ne.

Na riƙe shi na ce, "Ina wutar take?"

Ya dube ni, ya dubi hannuna. Ya ce, "Ga ta nan kin riƙe."

Haka na hawo tsanin nan, abaya ta manne mini a jiki, kwalli ya zubo har haɓa, ga kasko a hannu yana ɗigar baƙin ruwa. Kowa ya zuba mini ido. Na hango Hajiya ta juya baya tana kallon teku kamar ba tare muka zo ba, sai Hanan ta miƙo hannu ta ce, "Mama!" Asiri ya gama tonuwa.

Mudir ya ce, "Matar wa ce wannan?"

Abu Hanan ya ce, "Tawa ce."

"Halas. Ɗauki kayanka ka sauka."

A nan na manta da kunya, don abin da na gani iƙama ce tana tafiya. Na soma ba da haƙuri da Larabci rabi Hausa rabi, ina cewa wari ne, ba da mugun nufi ba. Hajiya ta ce, "Uskuti ya binti, yi shiru, kin yi mai isarki."

Rayyis ya sauka ya duba ƙasa ya hawo. Ya karɓi kaskon daga hannuna ya jefa a teku (har yau ina jin zafin kaskon nan). Ya ce mini, "'Yata, katako ne da ya sha mai. Ƙwayar garwashi ɗaya ta ishe shi." Sannan ya juya wajen mudir. Ya ce, "Dukanmu a sama muka tsaya muna watsa ruwa, shi kaɗai ya shiga cikin hayaƙin. Ba na tashi in babu shi. Ga iska ta juyo, kuma ba ta jiran kowa. Ko mu tafi da shi yanzu, ko ka sallami baƙinka."

Mudir ya dubi ƙyallen da ya fara kaɗawa, ya dubi masu hoto. Ya ce, "Yalla. Amma ita kada ta sake taka jirgin nan."

Suka ɗaga ƙyalle suka tafi shiru, ba ƙara ba hayaƙi, ni kuma na hau mota a jiƙe.

Da ya dawo na ce masa ashe haka yake da jarumta. Ya ce, "Jarumtar me? Ƙamshin na ji, na san turaren surukata ne. Gudu na yi in riga mutane, ko zan ɓoye ki." Ya ce dabinon da ke kusa da makwancin har Jizan yana ƙamshin ɗakin amarya.

Ya gama gwaji, iƙama ta fito. Ni kuma na samu suna, ko kasuwar Bab Makka na shiga sayen yadi sai na ji wata ta ce, "Ummu Hariƙa, yau ina za a turara?"

Yanzu in ya dawo da kayansa suna ƙarni, sai in ce Alhamdulillahi, warin nan shi ke riƙe da jirgi, jirgin kuma shi ke riƙe da mu. Kuma duk inda na ga tsoho yana karɓe ashana a bakin ƙofa, ba na tsayawa sa masa albarka kawai. Tambaya nake yi.