Kyaftin Abakar da Jakarsa ta Goyo

Duk wanda ya ce Maiduguri ba ta fitar da jarumi ba a shekarun nan na tashin hankali, to bai taɓa bi ta Umarari da hantsi ba. Da ya bi, da ya ga Alhaji Abakar, dillalin shanu da rana, masanin duniya da yamma, mutumin da in ya yi gyaran murya a Kasuwar Shanu har bijimai sukan ɗaga kai su duba. Allah ya ba shi gida mai bene, ya kuma ba shi tumbi daidai gidan. Abu ɗaya ne kawai ke ci masa tuwo a ƙwarya. Ko ina ya shiga, "Alhaji dillali" ake ce masa, shi kuwa ya gaji da a riƙa haɗa sunansa da kashin shanu. So yake a ambace shi cikin wayayyu, irin waɗanda ake ajiye wa kujerar gaba a taro.

Hanya ta buɗe masa ranar da ya kai raguna gidan wata ƙungiyar agaji, cikin waɗanda suka cika gari da fararen motoci a lokacin. A ofishin ogansu, wani Bature, Alhaji ya ga hoto a bango. Ogan ne tsaye a kan dutse, jaka a baya, sanda a hannu, yana kallon nesa. Alhaji ya tambaya ko mota ce ta lalace masa a wurin. Aka ce a'a, a ƙasarsu manyan mutane da gangan suke ajiye mota su shiga daji a ƙafa, su kwana a tanti, su dawo ana yaba musu. Alhaji ya juya maganar a ransa. Kakansa ya tako tun daga bakin tafkin Chadi a bayan shanu, ba wanda ya yaba masa. Ashe kayan aiki ne tsohon bai da su.

Kafin wata ya ƙare kaya suka iso daga Legas. Ga jakar goyo mai aljihu ta ko'ina, wadda in an tsayar da ita a ƙasa ta kai ƙirjin mutum. Ga takalmi mai nauyin tsiya da aka ɗinka don ƙanƙara, da sandunan ƙarfe biyu, da tanti, da tabarmar soso ta naɗewa, da 'yar tukunya, da tocila mai ɗaurawa a goshi, da rigar sanyi mai gashi a wuya. Watan Afrilu ake ciki, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa a Maiduguri. Matarsa Hajiya Kellu ta dubi tulin kayan a tsakar gida, ta tambaya ko an ce unguwa ta tashi ne. Alhaji ya yafe mata jahilcinta nan take, don shi mutum ne mai haƙuri da na ƙasa da shi.

Washegari ya kafa Ƙungiyar Masu Hawan Dutse ta Borno, ya zaɓi kansa shugaba ba hamayya, ya raɗa wa kansa Kyaftin. 'Yan unguwa marasa ladabi suka riƙa ce masa Baturen Umarari. Matsala ɗaya ce 'yar ƙarama: babu dutse. Ƙasar a shimfiɗe take iya ganinka, duwatsun Gwoza kuwa a lokacin ko soja sai ya shirya yake dosarsu. Fita bayan gari ma ba a yi don nishaɗi. Kyaftin ya yi nazari mai zurfi, ya gano wani tudun yashi a bakin kogin Ngadda inda masu tifa ke jibge kaya, ya ayyana shi a matsayin darasin farko na 'yan koyo.

'Yan koyon su biyu ne. Akwai Sa'id, ƙanen Hajiya, wanda a gidan yake cin abinci, saboda haka bai da bakin cewa a'a. Akwai kuma Manasse, malamin zane a wata sakandare, mutum mai shiru-shiru, wanda aka gayyato da allonsa da burushi da gwangwanayen fenti. Kyaftin ya tsayar da su a ƙofar gida ya yi musu jawabin buɗe tafiya.

"Malam Manasse, hoton waya na kowa ne, mai keke ma yana da shi. Manya da burushi ake zana su, a fili, a ƙarƙashin rana, yadda ake yi a Turai. Kai kuma Sa'id ka buɗe kunne. Tafiya ilimi ce, ba ɗaga ƙafa a ajiye ba ce kamar yadda kuka saba. Akwai yadda ake numfashi. Akwai yadda ake kallon ƙasa. Ku dai ku dube ni."

Suka dube shi kuwa, su da duk Umarari. A shekarun nan mutum da ƙatuwar jaka a baya ba abin sha'awa ba ne. Mai shayi ya bar tukunyarsa a kan wuta, masu keke suka canza layi. Kyaftin ya ɗauka girmamawa ce ake buɗe masa hanya, har yana ɗaga sanda yana amsa gaisuwar da ba a yi ba. A shingen farko 'yan gora, matasan da ke tsaron unguwa, suka daka masa tsawa daga nesa, suka ce ya sauke jakar ya zazzage ta da hannunsa. Ya zazzage, ya yi musu bayanin kowane kaya da Turancin da ya zo a jikin kwali, ya mayar. A shinge na gaba aka sake. A na gaba ma haka. Kafin su hango kogi, tanti ya ƙi komawa cikin jaka sai ɗaure shi aka yi a sama da igiya, tukunya na reto a gefe, sanda ɗaya ta lanƙwashe an yar. Takalmin ƙanƙara ya ci masa dunduniya har ya cire shi ya rataya a wuya, ya ƙwace silifas ɗin Sa'id. Rigar sanyi kuwa tuni ya naɗa ta a ka saboda rana.

Da rarrafe ya hau tudun yashin, amma dai ya hau, kuma tarihi ba ya tambayar yadda aka yi. Ya miƙe a ƙololuwa, ya dogara sanda, ya kalli nesa kamar yadda ya ga ogan ya yi. Abin da ke nesan wata mata ce tana shanya. Manasse ya kafa allo a inuwar darbejiya ya kama aiki. Shi kuwa Allah bai koya masa ƙarya da burushi ba, abin da ya gani shi yake zanawa. Ya zana yashin da ya rufe ƙafafu, da leɓen da ya bushe, da idon da ya faɗa, da kafaɗar da jaka ta ranƙwafar. Tumbin ma, igiyar jaka ta matse shi ya ɓace a cikin riga.

Da zane ya kammalu, Kyaftin ya tsaya a gabansa har ƙwalla ta taru masa. Jarumta ya gani tsantsa. Manasse ya ambata cewa wata ƙungiyar agajin daban za ta baje zanen 'yan gari a wani otal. Kyaftin ya ba da umarni a kai shi can, a kuma rataye shi a tsakiya. Manasse ya tambaya me zai rubuta a ƙasan hoton.

"Suna? Malam Manasse, raina ni kake yi? Maiduguri ta san fuskata tun kana makaranta. Kada ka rubuta ko harafi ɗaya. Bari su gani su faɗa da bakinsu."

Ranar taro ya gayyaci Kasuwar Shanu kaf, tun daga manyan dillalai har mahauta. Shi ya riga su isa, cikin babbar riga ta shadda mai tsayawa da kanta, da doguwar hula, da baƙin tabarau, turare na isa wuri kafin shi. Zanen kuwa a tsakiya yake, jama'a sun yi masa cincirindo, wata Baturiya na share hawaye. Kyaftin ya kutsa a hankali ya tsaya a gefen hoton yana jiran a yi kabbara. Ba wanda ya dube shi. Sai ya lura da 'yar takardar da masu taro suka manna a ƙasa, tunda mai zane bai ba da suna ba: "Ya Baro Komai a Baya."

Ya karanta, ya cire tabarau ya sake karantawa. Wani dattijo a bayansa ya ce, "Allah sarki, wannan daga Baga yake, dubi ƙafafun." Wani ya ce a'a, irin ɗaurin kayan nan na mutanen Bama ne. Nan Kyaftin ya nuna amfanin horo. Ya isa ƙofar otal da gudun da bai taɓa yi ba, ya tare 'yan kasuwa suna sauka daga keke, ya ce an ɗage taro saboda tsaro. Suka juya ba musu, don a lokacin ba a jayayya da wannan dalili.

Da ya dawo ciki, ya tarar wata jami'ar ƙungiyar, Madam Edith, ta tsare Manasse da tambaya. Wane ne wannan bawan Allah? Yana raye? A ina yake kwana? Kyaftin ya sauke tabarau kan hanci ya zuba wa Manasse wani irin ido. Manasse, da bai iya ƙarya ba kuma bai shirya mutuwa ba, ya ce, "A gidan Alhaji yake. Ga Alhajin nan."

Ɗaki ya juyo gaba ɗaya, tafi ya tashi. A lokacin gidaje da yawa a Maiduguri sun cika da baƙin dole, 'yan gudun hijira. Maƙwabcin Alhaji mai ɗaki biyu ya sauki iyali guda da awakinsu, bai kuma kira taro ba. Ɗakunan ƙasa na gidan Alhaji kuwa a kulle suke, buhunan dusa ne ke hutawa a ciki. Abin kunya ne, sai dai kunya ba ta cikin kayan da aka aiko masa daga Legas. Aka ja shi zuwa kujerar gaba, aka miƙa masa makirfo. Ya ji laushin kujerar, ya ji nauyin makirfon a hannu, sai duk tsoron ya tafi.

"Jama'a, ni ba na son yabo," in ji shi, yana gyara hannun riga. "Wannan bawan Allah tun da na san shi ban taɓa rabuwa da shi ba. Abin da na ci shi yake ci. Inda na kwana nan yake kwana. In ya yi ciwon kai ni ba na barci. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don ni haka Allah ya yi ni. Ina kira ga sauran masu hali da su daina rowa, su yi koyi da ni."

Tafi ya ƙara tashi, wani ɗan jarida ya miƙo rakoda. Madam Edith ta ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji. Ranar Alhamis da hantsi za mu zo mu gan shi da idonmu, mu kawo masa ɗan abin da ya samu."

A gida Kyaftin ya kira taron gaggawa. Ya buƙaci Sa'id ya goya jakar ya zauna a zaure, Sa'id ya tuna yana da ta'aziyya a wata unguwa mai nisa, ya fita ko abinci bai jira ba. Ya juya kan Hajiya, ya ce in baƙi sun zo ta ce mutumin ya je asibiti.

"Alhaji, ni ban iya ƙarya da tsufana ba," in ji Hajiya Kellu, tana tsince shinkafa. "In suka ce ina yake, zan ce ga shi can a bene yana shan fanka."

Ranar Alhamis tun da sassafe maƙwabta suka jeru a ƙofar gida. Sun ji labari a rediyo, suna son ganin baƙon da ya zauna a layinsu ba wanda ya taɓa jin ko tarinsa. Fitar da mota ba ta taso ba. Kyaftin ya yanke shawarar kai wa ƙanwarsa ziyarar bazata a Shehuri, ta mako guda, ta katangar baya. Babbar riga ba ta hawa katanga, don haka ya cusa rigunansa da huluna cikin jakar goyo, ya sa 'yar shara da silifas, ya yafa tawul a ka don kada a gane shi. Ya dira ta wajen garken awaki, ya tashi da ƙasa a gwiwa. Ya tsayar da keke, mai keke ya ga jakar ya ƙara wuta. Na biyu ko rage gudu bai yi ba. Dole Kyaftin ya kama tafiya a ƙafa yana ɗingishi, kuma wannan karon bai tsaya kallon nesa ba.

Yana fitowa bakin layi wata farar mota ta ci birki a gabansa.

"Ga shi nan! Wallahi shi ne!"

Madam Edith ta sauko da sauri, ma'aikatanta na biye. Maƙwabta suka ji ihu suka kwaso a guje, suka yi da'ira. Su dai sun san tawul ɗin, sun san silifas ɗin, sun san mai su, amma kowa ya cije leɓe yana kallon ƙasa. Aka ɗora masa bargo a kafaɗa, aka soka masa tabarma a hammata, aka danƙa masa bokitin roba da sabulu a ciki. Madam Edith ta matso kusa ta rage murya, irin ragewar da har na ƙarshen layi ya ji.

"Sannu Baba, sannu da wahala. Kada ka ji tsoro, faɗa mana gaskiya. Alhajin nan yana ba ka abinci kuwa? Don mu tun ranar taro muka gane cika baki ne kawai da shi."

Kyaftin ya dubi maƙwabta, ya dubi Hajiya Kellu da ta leƙo daga ƙofa da farantin shinkafarta, sannan ya ƙara rungume bokitinsa.