Ranar da Na Share Babban Duhu

Ana gab da shuka wani dattijo daga Babban Duhu ya zo ofishinmu na gona a Safana, yana tambayar rabon takin garinsu. Na buga sunan a kwamfuta, ta ce babu, ta kawo shawarar gyara. Ban ko karanta ba. Ni haifaffen nan, na'ura ce za ta gyara mini?

"Baba, sai haƙuri," na ce cikin jimami, "an cire garinku daga jerin masu samun taki."

Washegari ya dawo da mai gari da jama'arsa. Abokiyar aikina ta leƙa abin da na buga jiya a kwamfutar ta ce, "Malam, Babban Dubu ka rubuta."

Har yau in na shiga garin, cikin ladabi ake tambayata, "Malam, yau muna nan kuwa?"