Rasuwar Furofayil ɗin Bilyamin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Bilyamin Tahir, magatakarda a wata ƙungiyar manoman auduga ta yankin Jazira, yana sanar da abokan aiki da sauran jama'a rasuwar furofayil ɗinsa na kwamfuta, wanda ya cika ranar Talata da hantsi a ofishin ƙungiyar da ke garin Hajj Abdalla.

An haifi marigayin a 2004, shekarar da aka haɗa kwamfutocin ƙungiyar da saba ɗaya, wato babbar kwamfutar ajiya, a birnin Wad Madani. Shi ne ke riƙe da duk abin da Bilyamin ya ajiye, kuma an ce duk kwamfutar da ya zauna a gabanta ya sa sunansa, marigayin zai biyo shi can. Mai haƙuri ne, ba ya tsegumi. Aibinsa ɗaya shi ne nawa: kafin ya buɗe da safe, an gama shayi an wanke kofuna.

A cikinsa akwai muryar Inna Asabe, mahaifiyar Bilyamin, wadda ya ɗauka kafin rasuwarta tana ba da labarin tahowarsu a ƙasa daga Sakkwato tana yarinya. Da an taɓa, sai marigayin ya yi ɗan shuu, sannan a ji ta: "Bilya, wannan abin yana ji na? To matso da shi." Bilyamin ya yi niyyar kai wa 'ya'yansa su ji, in sun ƙara fahimtar Hausa, don a nan ba ita ce yaren gari ba. Babu kwafi a ko'ina.

Ciwon ya fara ne da saƙo a kan allo, cewa ba a samu furofayil ba, an ba shi na wucin gadi. Bilyamin ya kashe ya kunna. Ya canja kujera. Ya zare waya ya hure ta ya mayar. Daga nan aka kira Injiniya Abdussalami daga Madani, ya duba izini, ya duba layi, ya yi abin da aka saba yi: ya share kwafin da ke cikin kwamfutar domin a jawo lafiyayye daga saba.

Abin da ya sauko jariri ne, furofayil na makon farko, ba komai a cikinsa.

Bincike ya nuna marigayin bai taɓa komawa Madani ba. Yana komawa ne kawai idan mai shi ya fita daga kwamfutar yadda ya kamata, ya jira ta gama aikawa. A ofishin Hajj Abdalla kuwa, da motar tarhil mai kwasar ma'aikata ta yi hon, kowa ya miƙe, don abin kunya ne a bar mutane cikin rana suna jiran mutum ɗaya. Baba Audi maigadi ya kashe janareta. Haka kullum, shekara da shekaru.

Bilyamin bai ɗora wa kowa laifi ba. Ya zauna yana kallon shuɗin allo har tarhil ta yi hon, ya tashi.

Marigayin ya bar linzamin kwamfuta ɗaya, firinta mai tari, da kalmar sirri da ba ta buɗe komai.

Babu gawa, don haka babu wanka. Za a share sunansa daga saba ranar Alhamis bayan fatur, wato kalacin hantsi. Zaman makoki a gidan Bilyamin, bayan la'asar. Ana roƙon duk wanda ya taɓa jin Inna Asabe tana ba da labarin hanyar, ya zo ya faɗi abin da ya tuna a gaban yaran. Da Hausa, in zai iya.